Kicin Ɗinmu: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tsokar Tarwaɗa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabinsu akan kifi ne, kuma a cikin kifin ma tarwaɗa, musamman tsokarta zalla wadda aka fere aka raba ta da ƙaya da fata. Na ji daɗin hakan sosai don tarwaɗa kifi ce mai albarka da ake yawan ɓata ta a kicin ba don komai ba sai don yawan wanki da yawan juyi. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, sauran ku yi min haƙuri sai wani makon in Allah ya kai mu.

Tambaya: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimaka min. Ni amarya ce wata na huɗu kenan, maigidana yana mugun son tarwaɗa amma duk sanda na dafa sai ya ce yana jin kamar warin taɓo a bakinshi, wallahi ina wankewa sau biyar sau shida har da lemon tsami amma a banza, rannan wata ƙawata ta ce in sa ɗan garin sabulu wai yana cire ƙarni, ni dai ban sa ba. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Amarya Allah ya ba da zaman lafiya. Kin kyauta da ba ki sa sabulun nan ba, kuma dan Allah ki gaya wa ƙawar taki ita ma ta daina, tsokar kifi tana shan duk abin da aka zuba mata, sabulun da ya shiga ba ya fita duka komai ɗauraya, cikinku zai tafi.

Kin ga abu biyu ne mutane suke haɗawa su kira su ƙarni. Akwai yauƙin da ke jikin fata, tarwaɗa ba ta da ɓawo irin na sauran kifi, wannan yauƙin shi ne rigarta a ruwa, kuma shi cire shi ba wuya, gishiri da lemon tsami ki murza, ko ki kwara mata ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan za ki ga ya yi fari ya tattare sai ki kankare da bayan wuƙa. To wannan na waje ne. Shi kuwa warin taɓon da maigidanki yake ji ba a waje yake ba, a cikin kitse yake, shi ya sa ko sau goma kika wanke yana nan daram.

Ruwa ba ya tsami banza. A cikin tafki ko kududdufin da kifin ya rayu akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda suke sa ruwa ya yi kore, su ne suke fitar da wani sinadari da masana suke kira jiyosmin. Kin san ƙamshin nan da ke tashi in ruwan sama na farko ya sauka a busasshiyar ƙasa? To shi ne dai wannan sinadarin. A iska daɗi gare shi, a baki kuwa taɓo ne. Kifi yana shaƙarsa tare da ruwa, sai ya wuce jini ya je ya kwanta a cikin kitse, kuma hancin ɗan Adam yana kama shi komai ƙanƙantarsa, wasu ma sun fi wasu saurin ji, ƙila maigidanki yana cikinsu. Ba ya cutarwa, ba kuma alamar kifin ya lalace ba ne, daɗin ci kawai yake ragewa.

Maganin yana hannun wuƙarki ba a famfo ba. Ki kwantar da tsokar akan katako, ɓangaren da fata take ya kalli sama. Za ki ga wani layi mai duhu, ja-ja ko ruwan toka, ya bi ta tsakiya tun daga wajen kai har jela, sannan akwai wani siririn shimfiɗi mai ruwan toka a saman farar tsokar. Nan ne matattarar warin. Ki kwantar da wuƙa kamar za ki fere dankali ki sheme shi a hankali, shi kuma layin tsakiyar ki tsaga gefe da gefe ki zare shi kamar igiya. Sai ki duba wajen ciki, in akwai kitse mai ruwan ɗorawa yana reto ki yanke ki zubar, kar ki ji asara, abin da kika cire bai taka kara ya karya ba amma bambancin da za ki ji a baki ba kaɗan ba ne.

Bayan nan ki jiƙa tsokar a madara mai tsami ko yogot marar suga da kika sirka da ɗan ruwa, ki sa a firji minti 30 zuwa awa ɗaya, tsami yana karya wannan sinadarin. In lemon tsami za ki sa zalla kar ya wuce minti 15, don shi lemon dafa kifi yake yi tun kafin ya ga wuta, za ki ga tsokar ta yi fari ta fara saki, in kika soya sai ta zo miki kamar auduga. Kuma gaba in za ki saya ki zaɓi matsakaiciya, manyan nan da ake rububi sun fi kitse, inda kitse yake da yawa kuwa nan warin yake da yawa. Masu kiwon da suka san aikinsu sukan mayar da kifin cikin ruwa mai tsafta na wasu kwanaki ba abinci kafin su sayar don warin ya fita, in kin samu mai yin haka ki riƙe shi hannu bibbiyu.

Tambaya: Salam Anti. Ni namiji ne ɗalibi ina girki da kaina. Matsalata duk sanda na sa tsokar tarwaɗa a kasko sai ta manne, in na zo juyawa sai ta farfashe ta zama kamar dambu, rabi ya ƙone a ƙasa rabi bai dahu ba, ga mai yana ta fallatsa yana ƙona min hannu. Kaskon ne ba kyau ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗana Allah ya ba da ilimi mai amfani, kuma na yaba maka da kake shiga kicin da kanka. Ba kaskon ba ne. Daga fallatsar man da ka faɗa na gane komai, kifinka da ruwa a jikinsa kake jefa shi.

Bari in ɗan yi maka bayanin yadda tsokar kifi take don in ka gane wannan ka huta. Naman dabba zare-zare ne dogaye masu ƙarfi, shi ya sa yake jure doguwar wuta da juyi. Tsokar kifi kuwa falle-falle ce gajeru da aka jera, abin da ya riƙe su wani siririn danƙo ne da yake narkewa da zarar ya ji zafi kaɗan. Kenan tun daga mintin farko a wuta abin da ke riƙe da kifin ya fara saki, abin da zai riƙe maka shi yanzu sai ɓawon suyar da zai yi a ƙasa. In akwai ruwa a jikinsa wannan ɓawon ba zai taɓa yi ba, ruwan zai sauke zafin man, kifin ya koma yana turara a maimakon soyuwa, ya manne, kai kuma ka zo da cokali kana tono.

To ga yadda za ka yi. Ka barbaɗa gishiri gaba da baya ka ajiye minti 15, za ka ga ruwa ya tsattsafo a samansa kamar gumi, gishirin ya jawo shi kuma ya sa tsokar ta ƙara tauri. Sai ka sa tishu na kicin ko tsumma mai tsafta ka danna, ba gogewa ba, dannawa, har sai ka taɓa ka ji yana ɗan kama yatsa ba santsi. Wannan matakin shi ne rabin suyar wallahi, kuma shi ne wanda kowa yake tsallakewa.

Ka ɗora kasko ya yi zafi shi kaɗai tukuna sannan ka zuba mai, ka jira sai ka ga man ya tsinke yana gudu kamar ruwa in ka karkata kaskon. Ka ɗauki tsokar ta jela ka kwantar da ita daga wajenka zuwa can gaba don in mai zai fallatsa ya yi can. Ya kamata ka ji caaa nan take, in ba ka ji ba ɗauke ta ka ƙara jira. Daga nan kuma sai ka janye hannunka. Kar ka taɓa, kar ka girgiza, kar ka leƙa ƙasa. Ka zuba ido a gefen tsokar kawai, za ka ga fari yana hawowa daga ƙasa a hankali kamar ruwa yana cika kofi, in ya wuce rabi ya kusa kaiwa sama, wajen minti 3 zuwa 4 kenan, sai ka zura cokali mai faɗi a ƙarƙashi. In ta soyu da kanta za ta saki kaskon, in ka ji tana riƙewa ba ta shirya ba, ƙara mata rabin minti. Juyi ɗaya tak ake yi, ɗaya ɓangaren kuma ba ya ɗaukan lokaci kamar na farko.

In kana son mai ƙaras-ƙaras sai ka yi mata riga. Mutanen kudancin ƙasar Amurka, wajen su jihar Misisifi inda ake kiwon tarwaɗa sosai, da garin masara suke yi bayan sun jiƙa ta a madara mai tsami, kuma gaskiya sun iya, don garin masara ba ya shan mai kamar fulawa zalla. Ka haɗa garin masara mai ɗan tsaki-tsaki kashi uku, fulawa kashi ɗaya, gishiri, barkono, garin tafarnuwa. Na ce gari fa, don ɗanyar tafarnuwa ƙonewa take yi a mai ta yi ɗaci kafin kifin ya dahu. Ka birkiɗa tsokar a ciki, ka kakkaɓe, ka bari ta huta minti biyar garin ya kama jikinta. Zafin man da ake so digiri 175 zuwa 180 ne a ma'aunin Salshiyas, in ba ka da abin aunawa jefa ɗan garin, in ya taso nan take yana kumfa to ya yi, in ya nutse ya zauna bai yi ba, in ya yi baƙi nan da nan wutar ta yi yawa. Kuma kar ka cika kaskon, biyu-biyu ko uku-uku, don kowane yanka da ka ƙara sauke zafin man yake yi. Da ka tsame ka ɗora akan raga ko kwando iska ta ratsa, in ka zuba a kwano ka rufe tururinsa zai jiƙa shi duk wahalarka ta tashi a banza.

Tambaya: Anti ya zan gane kifi ya dahu? Ni tsoro nake ji sai in bar shi a wuta ya daɗe, yarana su ce ya bushe.

Amsa: Maman yara tsoronki yana kan hanya, kifin ruwan daɗi ba a cin shi ɗanye ko rabi da rabi don yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta da tsutsar da sai wuta ke kashewa. Amma dahuwarsa ba nisa. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ce zafin tsakiyar tsoka ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas. In ba ma'auni ki soka cokali mai yatsu a inda ya fi kauri ki ɗan murɗa, in fallen ya rabu cikin sauƙi kuma cikin ya yi fari ba sauran sheƙi irin na ɗanye, ki sauke. Lissafin da masu girki suke yi shi ne minti 10 ga duk kaurin santimita biyu da rabi, gaba da baya a haɗe, kuma yawancin tsokar tarwaɗa ba ta ma kai wannan kaurin ba.

Tambaya: Hajiya ina gaisuwa. Ni da rai nake sayen tarwaɗa, ina so in koyi fitar da tsokar da kaina saboda tsohuwata ba ta gani sosai ina tsoron ƙaya. Na gwada sau ɗaya tsokar duk ta tsaya a jikin ƙashi kuma wani abu ya soke ni a hannu ya kwana yana zogi.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya saka miki da alheri kan kula da mahaifiya. Abin da ya soke ki ƙayar da ke gefen kai ce, a jikin fukafukan nan biyu na dama da hagu, tana da tsini da ƙarfi kuma zoginta ba wasa, wasu irin tarwaɗar ma har da ta uku a gadon baya. Abu na farko bayan kifin ya mutu ki sa almakashin kicin ko filaya ki datse su. In ta sake sokar ki ki wanke wurin da sabulu ki tsoma a ruwan ɗumi mai ɗan zafi wanda hannu zai iya jurewa, zogin yana sauka, in kuwa wurin ya kumbura ko ya yi ja yana yaɗuwa ki je asibiti kar ki zauna.

Ga albishir, tarwaɗa tana cikin kifin da ya fi dacewa da tsofaffi da yara don ba ta da ƙananan ƙayoyin nan masu ɓuya a cikin tsoka, ƙashin baya ne da haƙarƙari, in kika kauce musu shikenan. Ki cire yauƙin tukuna kamar yadda na gaya wa amarya, ki shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin katako kar ya zame, ki wasa wuƙarki sosai don dakusasshiyar wuƙa ita ce take yaga tsoka ta bar ta a ƙashi. Ki tsaga a bayan kai har ki ji wuƙa ta taɓa ƙashi ki tsaya. Sai ki bi ta gadon baya da bakin wuƙar kawai, kaɗan-kaɗan, hannun hagu yana ɗaga tsokar hannun dama yana shafawa, ki tabbatar kina jin wuƙar tana gogar ƙashi ƙir-ƙir-ƙir, wannan ƙarar ita ce shaidar ba ki bar komai a baya ba. In kin zo haƙarƙari ki bi ta samansu kar ki yanke su, daga nan zuwa jela kuma hanya ce miƙaƙƙiya.

Cire fata kuma, ki kwantar da tsokar fatar tana ƙasa, ki ɗan tsaga a jela ki samu wurin kamawa, ki shafa gishiri a yatsunki don kar ta suɓuce, ki kwantar da wuƙa tsakanin fata da tsoka. Sirrin shi ne wuƙar ba ta tafiya sosai, fatar ce kike ja kina kaɗa ta dama da hagu. Na farko ba zai yi kyau ba, na uku za ki ga hannunki ya faɗa. Kafin ki ba Mama ki bi tsokar da yatsa daga sama har ƙasa, in akwai guntun ƙashi za ki ji shi. Kai da ƙashin kuma kar ki zubar, ki tafasa su da albasa da citta minti 20 zuwa 30 a wuta kaɗan ki tace, romo ne mai kyau, kar dai ya wuce haka a wuta don ɗanɗanonsa yana juyawa.

Tambaya: Anti ni ta leda nake saya mai ƙanƙara wadda aka riga aka gyara, amma in na soya sai kaskon ya cika da ruwa kifin ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi. Wai ma tarwaɗa ce da gaske?

Amsa: Ƙanwata ki juya ledar ki karanta bayanta. Da yawa daga cikin farar tsokar nan mai ƙanƙara za ki ga an rubuta basa ko fangasiyus, dangin tarwaɗa ce da ake kiwo sosai a yankin kogin Mekong na ƙasar Biyetnam, ba ta da laifi, sai dai tsokarta ta fi laushi kuma ɗanɗanonta bai kai ƙarfin na baƙar tarwaɗa ba. Ruwan da kike gani kuwa daga wuri biyu yake, ana lulluɓe ta da ƙanƙara a waje don kar sanyi ya busar da ita, sannan wasu kamfanonin suna jiƙa ta a sinadarin fosfet da ke sa tsoka ta riƙe ruwa, in haka ne za ki gan shi a jerin abubuwan da aka rubuta a ledar.

Ki fitar da ita daga ledar tun dare, ki ɗora a kwando da kwano a ƙarƙashi, ki rufe ki sa a firji ta narke a hankali ruwan yana ɗiga. In sauri kike ki ƙulle ta a leda ki tsoma a ruwan sanyi kina canza ruwan duk minti 30. Ban da ruwan zafi, ban da ajiye ta a kan teburin kicin ta wuni, wajen zai yi ɗumi ƙwayoyin cuta su fara aiki cikin kuma yana nan da ƙanƙara. Da ta narke ki danne ta da tishu sau biyu ko uku, ita ta fi kowace buƙatar wannan, kuma irin wannan tsokar ta fi kyau da rigar garin masara akan a soya ta tsirara.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, likita ya ce maigida ya rage mai da gishiri, shi kuma in ba soyayye ba ba ya cin kifi, ya ce na ruwa yana dagargajewa a miya. Akwai wata dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Akwai, har guda biyu.

In kina da obin ki kunna shi ya yi zafi tukuna, digiri 200. Ki busar da tsokar, ki shafa mata mai da yatsa, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi yanka biyu, ki barbaɗa citta da tafarnuwa da barkono da masoro, in ta fito ki matsa lemon tsami a kai, tsami da yaji suna rufe gurbin gishiri fiye da yadda kike zato. Minti 12 zuwa 15 ta yi, ba sai kin juya ba. In yana son ya ji ƙaras ɗin suya ki yi mata rigar garin masara ki ɗiɗɗiga mai a sama ki ɗora akan raga a cikin faranti don zafi ya shiga ta ƙasa, ba za ta zama soyayya sak ba amma ta kusa.

Ta ruwan kuma, dagargajewa daga abu biyu take zuwa, sa kifi da wuri da kuma juya miya da ludayi. Ki gama miyarki kaf, tumatir ya soyu, kayan ƙamshi sun dahu, kin ɗanɗana kin ji daidai, sai ki rage wuta har tafasar ta koma ɗan motsi kawai. Ki yanka tsokar manya-manya kamar faɗin yatsu uku, ki jera a sama, ki ɗebo romon ki zuba a kansu ki rufe. Minti 6 zuwa 8. Ludayi kuma ya gama aikinsa daga nan, in kina tsoron kamu ki kama hannun tukunyar biyu ki ɗan kaɗa ta. Ki kashe wuta ki bari ta zauna minti biyar kafin ki zuba, za ki ga kowane yanka ya fito da siffarsa. In kin sa wa tsokar ɗan gishiri na minti 15 kafin nan kika ɗauraye ta fi tsayawa, sai ki rage na cikin miyar don lissafin likita ya daidaita.

Tambaya: Anti ina da ciki wata biyar, wasu sun ce in daina cin kifi wai akwai wani abu a ciki da ke taɓa jariri. Ni kuma tarwaɗa kawai raina yake so.

Amsa: Allah ya raba lafiya 'yata. Abin da suke nufi sinadarin makyuri ne, kuma a manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu ya fi taruwa, irin su kifin shak. Tarwaɗa tana cikin masu ƙarancinsa, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma ta sa ta a sahun kifin da ya fi dacewa da mai ciki, sau 2 zuwa 3 a mako, jimilla giram 225 zuwa 340. Tana da furotin da bitamin B12 da jikinki yake buƙata yanzu. Ki tabbatar dai ta dahu har ciki, ki kuma guji wadda aka kamo a ruwan da masana'antu ko magudanar gari suke zuba datti. In likitarki ta hana ki wani abu saboda lalurar da ta gani a jikinki to maganarta ce gaba da tawa.

Tambaya: Ina sayen da yawa lokaci ɗaya, kwana nawa za ta yi a firji, kuma in ta kwana ya zan ɗumama ba ta yi ƙarni ba?

Amsa: Ɗanya kwana ɗaya zuwa biyu kawai a firji, a can ƙasa inda ya fi sanyi, a rufe, kar ruwanta ya ɗiga kan wani abinci. In za ta wuce haka firiza za ta tun ranar da kika saya, ba sai ta kwana biyu kin ga za ta lalace ba. Ki busar da kowane yanka, ki naɗe shi shi kaɗai a leda ki matse iskar ta fita, ki rubuta kwanan wata a jiki, ki cinye cikin wata biyu zuwa uku don kifi mai kitse ɗanɗanonsa yana canzawa ko a ƙanƙara. In wuta ta ɗauke har ta narke ta yi ɗumi kar ki mayar kuma kar ki ci, in kuwa ba ta kai ga ɗumi ba ki shinshina ki danna da yatsa, mai kyau ba ta da wari mai hawa kai kuma in kin danna tana tasowa, in ramin yatsan ya zauna ko kika ji tsami-tsami ko ta yi wani yauƙi mai kauri ki zubar, wuta ba ta gyara ruɓaɓɓen kifi.

Dafaffiya kuma kar ta wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya, a firji tana kwana uku zuwa huɗu. Wajen ɗumame wuta mai ƙarfi ita ce take tayar da ƙarni ta kuma busar da tsokar. Soyayya ki sa ta a busasshen kasko a wuta kaɗan ba murfi, ko a obin minti 8 zuwa 10, rigar za ta dawo da ƙaras ɗinta. Ta miya kuma ki tsame kifin gefe, ki tafasa miyar ita kaɗai, ki rage wuta sannan ki mayar da shi ciki ki rufe har zafin ya ratsa tsakiyarsa, kuma iya wanda za a ci a lokacin za ki ɗumama, sauran ya zauna a firji.